Wai wanne ne na ƙarshe, na laftof ko na destof?

Duk mai aiki da kwamfuta biyu, ɗaya a girke kan tebur a ofis ko a shago, ɗaya laftof a jaka, ya san wannan foldar da nake nufi. "Babi na uku", "babi na uku gyara", "babi na uku gyara na ƙarshe", "babi na uku na ƙarshe na gaske 2". Kuma ranar da za'a kai wa malami ko kwastoma sai a zauna ana buɗe su ɗaya bayan ɗaya ana neman wanda aka saka teburin lissafin nan a ciki, ƙarshe a gano teburin yana cikin na laftof, gyaran rubutun kuma yana cikin na destof, babu ko ɗaya da ya haɗa duka biyun.

Tambayar da aka fi yi min ita ce wace manhaja zan saka su riƙa daidaita kansu. Manhajojin suna da yawa kuma mafi yawansu kyauta ne, zan zo kansu, amma wanda bai gane ainihin wahalar abun ba ko wacce ka bashi sai ta ci masa fayil wata rana ya dawo yana zagin ta. Don kwafa ba wahala bace, yaro ma zai ja folda ya jefa a filash. Wahalar ita ce sanin wanne ne gaskiya a cikin biyun.

Bari in kawo misali da littafin bashi. Mai shago yana da nashi littafin, yaron shago ma yana da nashi, duk ƙarshen mako su zauna su haɗa. Sai aka ga sunan wani da kwanon shinkafa biyu a littafin yaro, babu shi a na maigida. To me ya faru? Ko dai sabon bashi ne da yaro ya bayar maigida bai sani ba, sai a ƙara a nashi, ko kuma tsohon bashi ne mutumin ya zo ya biya maigida ya goge, sai yaro ma ya goge nashi. Ka duba littattafan nan biyu daga nan har gobe bazaka iya bambancewa ba, don a ido duk abu ɗaya ne: akwai a can, babu a nan. Abun da kawai zai raba gardama shine a tuna yadda littattafan suke a zaman makon jiya. In sunan yana ciki a lokacin, to gogewa akayi. In baya ciki, sabo ne.

Haka yake a kwamfuta ba ragi ba ƙari. Duk manhajar daidaitawa ta gaskiya tana riƙe da littafi na uku a ɓoye, wanda ta rubuta yadda foldar take a haɗuwar ƙarshe. FreeFileSync tana ajiye wani ɗan fayil mai suna sync.ffs_db a cikin foldar, mutane suna ganinsa su ɗauka bairos ne su goge, alhali ƙwaƙwalwar manhajar kenan suka goge. Unison, wacce Benjamin Pierce na Jami'ar Pennsylvania a Amurka ya jagoranci yin ta, tana da nata kundin. Syncthing ma haka. Dropbox da Google Drive da OneDrive ma kowacce tana riƙe da nata. In wannan littafi na uku ya ɓace, manhajar ta koma makauniya, shine zaka ga fayilolin da ka goge tun watan jiya sun dawo kamar fatalwa, don ta ga akwai su a ɗaya gefen ta ɗauka sababbi ne.

Akwai kuma wasu kayan aikin da mutane ke ɗauka na daidaitawa ne alhali madubi ne, hanya ɗaya suke tafiya. rsync na masu Linux da Mac, wanda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996 a Ostareliya, da robocopy da ke zuwa cikin Windows, aikinsu shine mayar da B ya zama kamar A. Ba ruwansu da wanda ya fi sabo a zuciyarka. In ka saka --delete a rsync ko /MIR a robocopy, duk abun da ke B wanda babu shi a A ya tafi kenan, ba ya biyawa ta kwandon shara. Kayan aiki ne masu kyau sosai, ni kaina ina amfani da su wajen ajiya, amma ranar da ka juya su, ka sa na laftof ne tushe alhali jiya a destof ka kwana kana aiki, to aikin daren nan ya zama tarihi.

Sai maganar agogo, wacce ita ce na fi son in daɗe a kai don babu mai kula da ita. Manhaja da yawa in sun ga fayil ya bambanta a gefe biyu, abun farko da suke dubawa shine girmansa da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe, wanda ya fi sabo shi ya ci. Daidai ne, muddin agogon kwamfutocin biyu gaskiya suke faɗa. To destof ɗin da yawancin mu ke saya na hannu ne, ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon ciki, CR2032, ya daɗe da mutuwa, duk sanda aka ɗauke wuta aka kunna sai kaga agogon ya koma shekarun baya. Ka yi gyara yau da safe, kwamfutar ta buga masa kwanan wata na shekara goma da suka wuce, manhaja ta kwatanta da tsohon kwafin laftof na makon jiya tace ai na laftof ne sabo, ta danne maka aikin yau da shi. Bata yi kuskure ba a lissafinta, ƙarya aka faɗa mata. Batirin nan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, canza shi kafin komai.

Na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. Mai saka Windows a kasuwa sau da yawa baya canza yankin lokaci, sai ya bar shi a na yammacin Amurka, kai kuma kaga agogo ba daidai ba ka gyara awar da hannu, a fuska ya nuna ƙarfe goma kamar na wayarka, shikenan hankalinka ya kwanta. Amma NTFS, tsarin da Windows ke ajiye fayil da shi, ba awar fuska yake rubutawa ba, awar duniya ta UTC yake rubutawa, mu kuma a Najeriya da Nijar awa ɗaya muke gaba da ita, su can yammacin Amurka awa 8 ko 7 suke baya gwargwadon lokacin shekara. Kaga kenan kwamfutar tana buga wa kowane fayil lokacin da ya yi gaba da awa 8 zuwa 9. Duk abun da ka taɓa a kanta da rana zai rinjayi gyaran da kayi a ɗayar da yamma. A shiga saiti a zaɓi yankin Afirka ta Yamma ta tsakiya, a bar intanet ta saita awar da kanta, a duka biyun.

Filash mai tsarin FAT32 shima yana da halinsa, lokacinsa da daƙiƙa bibbiyu yake ƙirga, shi yasa wani lokaci manhaja take ganin fayil ya canza alhali ba'a taɓa shi ba, kuma baya ɗaukar fayil guda da ya kai 4GB. In bidiyo kake harka da shi ka mayar da shi exFAT.

Manhajojin zamani basu dogara da agogo kaɗai ba, suna lissafa wa cikin fayil ɗin wani irin zanen yatsa, lamba doguwa wacce ko waƙafi ɗaya ka canza sai ta canza gaba ɗaya. Kuma suna yanka babban fayil gunduwa-gunduwa su tura gunduwar da ta canza kawai, Dropbox 4MB-4MB take yankawa, Syncthing nata yana farawa daga 128KB ya ƙaru gwargwadon girman fayil. Wannan dabarar ta tura bambanci kawai ita ta fito da sunan rsync tun zamanin da layin intanet ke tafiyar kunkuru, kuma ga mai sayen data da kuɗinsa har yau tana da amfani. Sai dai kar a ɗauka sihiri ne, in ka sake fitar da bidiyo daga manhajar editin ko da daƙiƙa biyu ka yanke, kusan duk cikinsa ya canza, dukansa za'a sake turawa.

To idan duka biyun aka taɓa fa? Ka gyara shafi na biyar a destof da rana, da daddare ka gyara shafi na tara a laftof ba tare da na rana ya iso ba. Nan babu manhajar da zata iya maka hukunci, don bata san ma'anar rubutunka ba. Masu hankali a cikinsu basa zaɓa su jefar da ɗaya, suna ajiye duka biyun. Dropbox zata sa wa ɗayan "conflicted copy" da kwanan wata a sunansa, Syncthing zata sa "sync-conflict", OneDrive kuma takan liƙa sunan kwamfutar a ƙarshen sunan fayil ɗin. In ka ga irin wannan suna kar ka goge da sauri, buɗe su biyun ka haɗa da hannu, Word ma yana da wurin kwatanta takardu biyu a ƙarƙashin Review. Na taɓa buɗe foldar wani ɗalibi na samu irin waɗannan sun fi ashirin, shi duk zatonsa bairos ke haihuwa a ciki.

Kuma mafi yawan wannan rikicin daga abu ɗaya yake zuwa: rufe murfin laftof da an danna sabin, wato adana aiki, ko a ɗauke wuta destof ya mutu kafin ya gama turawa. Sabin a kan kwamfutarka daban, isar fayil ɗaya gefen daban. Akwai ɗan tambari a ƙasa kusa da agogo, in yana juyawa bai gama ba, jira ya nuna ya kammala kafin ka tashi, in ka isa ɗaya kwamfutar ma ka bata minti ɗaya ta jawo kafin ka buɗe fayil. Destof da babu UPS, batirin da ke riƙe shi in an ɗauke wuta, a garin da wuta bata sallama kafin ta tafi, wannan ɗabi'ar ce kaɗai kariyarsa.

Yanzu zaɓin da ake da su. Na gajimare, wato ka bar wani kamfani ya riƙe kwafi a saba ɗinsa, babbar kwamfutarsa da ke kan intanet, shine mafi sauƙi, don ba sai kwamfutocin biyu sun kasance a kunne lokaci ɗaya ba, destof ya tura da rana ya kwanta, laftof ya ɗauko da dare. Dropbox ma asalinta kenan, Drew Houston ya manta filash ɗinsa a tafiyar bas daga Boston zuwa New York, haushin haka yasa ya fara rubuta ta, shi da Arash Ferdowsi suka kafa kamfanin a 2007. Kyautarsu 2GB ce kawai kuma na'ura uku suka yarda ka haɗa a asusun kyauta. OneDrive 5GB, tana zuwa cikin Windows, wani lokaci ma ta kwashe maka Desktop da Documents ta fara turawa baka lura ka amince ba. Google Drive da ta fito a 2012 tana bada 15GB amma tare da Gmail da Google Photos ake cin kwanon, hotunan biki suka cika shi saƙon imel ma ya daina shigowa. Ga takardun Word da Excel da PDF wannan ya isa har ya yi yawa. Matsalar data ce: fayil na 1GB sai ka biya 1GB wajen hawa, ka sake biyan 1GB wajen sauka, ko da kwamfutocin suna kan tebur ɗaya suna kallon juna, kuma hawa ya fi sauka jinkiri a yawancin layukanmu. Dropbox tana da dabarar ɗauko fayil kai tsaye daga ɗayar in suna kan rauta ɗaya, amma hawan farko dai sai an yi shi.

Wani tarko a nan, OneDrive da Google Drive suna iya nuna maka sunan fayil a folda alhali jikinsa yana can sama, sai ka danna sannan ya sauko. A OneDrive mai hoton gajimare shuɗi kenan. Ka tafi ƙauye ko ka shiga aji zaka gabatar da aiki ba netwok, ka danna, ya ce maka a'a. Foldar da kasan zaka buƙata a hanya danna mata dama ka zaɓi a riƙa ajiye ta a kan na'urar koyaushe, sai tambarin ya koma kore cikakke.

Syncthing kuwa ba kamfani a tsakiya. Wani ɗan Suwidin, Jakob Borg, ya fara ta a 2013, kyauta ce kuma kowa na iya duba yadda aka rubuta ta. Ka saka a duka biyun, kowacce ta baka wata doguwar lambar shaida, ka gabatar da su ga juna, ka nuna folda, shikenan. In suna kan Wi-Fi ɗaya kai tsaye suke magana ba ta intanet ba, rautar da babu data a ciki ma ta wadatar, ko kebul tsakaninsu, kuma babu iyakar girma sai ta had disk ɗinka. Ga mai ɗaukar hoto ko editan bidiyo da kwamfutocinsa ke haɗuwa a ɗaki ɗaya kullum, ni ban ga abun da ya kai ta ba. Lagonta ɗaya ne kuma babba ne: dole su biyun su kasance a kunne lokaci guda. Destof na ofis a kashe da dare, laftof na gida a kashe da rana, to har abada bazasu gaisa ba. Masu wayo suna saka na uku a tsakiya, tsohuwar laftof da ke kwana a kunne ko 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, wasu kuma wayar Android suke mayarwa ɗan aike, ta ɗauka a ofis ta sauke a gida. Manhajar Android ta asali an daina sabunta ta a ƙarshen 2024, wacce ake amfani da ita yanzu Syncthing-Fork ce. In kuma basa kan netwok ɗaya zata nemi hanya ta intanet, wani lokaci ta bi ta wasu saba na 'yan sa-kai, a rufe bayanan suke wucewa ba mai iya karantawa, amma tana jan ƙafa kuma datarka ce ke tafiya, akwai wurin kashe hakan a saiti.

Sai tsohuwar hanya, filash ko had disk na waje, amma da FreeFileSync maimakon ja-ka-jefa. Ka daidaita destof da filash kafin ka tashi, ka daidaita filash da laftof in ka isa. Abun da nake so da ita shine kafin ta taɓa komai sai ta jera maka: wannan zai tafi dama, wannan hagu, waɗannan za'a goge, kai ka duba ka amince. Ba data, ba intanet. Illa sai ka tuna da kanka, kuma filash ɗin nan kar ya taɓa shiga kwamfutar shagon firintin, kowa ya san bairos ɗin da ke mayar da folda shotkot daga ina ake kwaso shi. A ware wani daban na kai firintin.

Af, kafin in manta, wasu fa basa buƙatar duk wannan. In dalilinka na amfani da destof babban allo ne da kibod mai daɗi kawai, sayi kebul na HDMI ka jona laftof ɗin da allon, kwamfuta ɗaya fayil ɗaya, rigima ta ƙare. Na sha ba mutane wannan shawarar suna kallona kamar na raina musu hankali.

Akwai abubuwan da ba'a saka su a foldar daidaitawa ko da wacce manhaja ce. Fayil ɗin Outlook mai ƙarewa da .pst, da rumbun bayanan manhajar lissafin kuɗi ko ta shagon magani, da na Access, duk waɗannan a buɗe suke ana rubutu a cikinsu muddin manhajarsu na aiki, in aka kwafe su a tsakiyar rubutu rabi-da-rabi ake ɗauka, kuma in gefe biyu suka taɓa babu yadda zaka haɗa su da hannu kamar takardar Word. Manhajoji kansu ma ba'a daidaita su, kowacce kwamfuta a saka mata nata. Masu rubuta manhaja kuma Git ne nasu, wanda Linus Torvalds ya yi a 2005, shi yana iya haɗa gyara biyu layi-layi don rubutu ne zalla, jefa foldarsa cikin Dropbox neman magana ne. In ɗaya Windows ce ɗaya Linux ko Mac a kula da suna, Windows bata karɓar alamar tambaya ko tauraro ko ɗigo biyu a sunan fayil, kuma a wurinta "Rahoto" da "rahoto" abu ɗaya ne alhali Linux biyu take ganinsu. Folda cikin folda cikin folda mai dogayen sunaye ma tana iya wuce haruffa 260 da tsofaffin manhajojin Windows ke iya bi.

Abun da ya fi cutar da mutane shine ɗaukar daidaitawa a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. "Ai ina da shi a wuri biyu." Eh, amma wurare biyun nan an ɗaure su da igiya ɗaya ne. Ka goge folda bisa kuskure a nan, cikin daƙiƙu ta goge a can, aikinta kenan, biyayya tayi maka. Bairos mai kulle fayil ya nemi kuɗin fansa, irin wanda ake yawan kwasowa wajen sauke manhajar sata, in ya kulle na laftof manhajar zata ga fayiloli sun canza ta kai kullallun ta danne masu lafiyan da ke destof. Abun da ke ceto shine tsofaffin kwafi. Dropbox ta kyauta tana riƙe su kwana 30, kwandon sharar Google Drive da na OneDrive na mutum ɗaya suma kwana 30 ne, bayan nan sai haƙuri, kuma sau nawa mutum ke gano ya rasa fayil sai bayan wata uku da ya tashi nemansa. A Syncthing ajiye tsofaffin kwafi a kashe yake zuwa, kai zaka kunna wa kowacce folda, kuma ka kunna a duka kwamfutocin, don abun da take adanawa shine wanda ɗaya gefen ya canza ko ya goge mata, ba wanda ka goge da hannunka a kanta ba. Bayan duk wannan dai a samu had disk na waje da ake jonawa sau ɗaya a mako ko biyu a kwafa a cire a saka a durowa, wanda babu igiyar da ta haɗa shi da sauran.

Ranar farko ita ce mafi haɗari, don a ranar babu littafi na uku tukuna, ga folda biyu da suka shekara kowacce na tafiyarta. Kar ka haɗa su ka danna ka tafi sallah. Kwafe kowacce daban zuwa had disk tukun, sannan ka buɗe FreeFileSync ka sa ta kwatanta su ta ciki ba ta kwanan wata ba, zai ɗau lokaci amma zai nuna maka waɗanda sunansu ɗaya cikinsu daban. Ka zauna ka tace su, ka samu folda guda da ka yarda da ita a kwamfuta ɗaya, ɗayar kuma ka bata folda sabuwa fil babu komai a ciki ta cika daga waccan. Ka fara gwadawa da ƙaramar folda mai fayil biyar na banza: ƙirƙiri ɗaya a nan ka gani ko ya bayyana a can, goge ɗaya a can ka gani ko ya ɓace a nan kuma ina ya tafi, sannan ka cire su daga netwok ka gyara fayil ɗaya a duka biyun ka mayar, don ka ga da idonka irin sunan da take sa wa mai rikici tun kafin ya faru da babi na uku.